Ranar da Teku Ya Rufe Mana Hanya

Catford, Landan

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki masauki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa karatun nan ya amfane ki ya amfane mu. Abbanki ma yana sa albarka, sai dai bai san abin da na rubuta a nan ba.

Na sa takardar nan a cikin akwatinki ne don na san halina. In na tsaya gabanki zan faɗa da baki, murya za ta gaza mini, ke kuma ki rungume ni ki ce "It's okay, Umma," maganar ta mutu a nan. To, ba okay ba ne. Na san karatun Hausa yana miki nauyi. Ki daure ki bi shi a hankali, ko da kwana biyu zai ɗauke ki, domin abin da ke cina ba zai fito da Turanci ba.

Ran Talata ina kicin ina haɗa miki yaji, na ji ki a waya da yarinyar da za ku zauna flat ɗaya a Devon. Ta tambaye ki ko kina iyo. Kika yi dariya kika ce Ummanki ta hana ki tun kina ƙarama, ba ki taɓa shiga ruwa ba, ke dai yawo kawai za ki riƙa yi a kan yashi, ai wannan babu haɗari. Nafisa, sai da na ajiye cokali na dafa bango. Yawo a kan yashi shi ne ya kusa kashe ni da ke. Za ki yi shekara uku a garin da teku yake ƙarshen titi, ba ki iya iyo ba, ba ki san lokacin da ruwa yake tafiya da lokacin da yake dawowa ba, ba ki san ma'anar tuta ko ɗaya ba, kuma kina ɗauka kin tsira don kina bin maganata. Duk wannan aikina ne. Tun ranar nake fushi, kuma da kaina na fara.

Kina shekara bakwai. A shekarar ƙaramar Sallah ta faɗo tsakiyar summer, lokacin zafin ƙasar nan, sai ƙungiyarmu ta matan Catford da Plumstead ta yi booking ɗin coach, babbar bas ɗin nan, zuwa wani bakin teku a Kent, kwana biyu bayan Sallah. Na san kina tuna ƙaramin jirgin ruwa da bargon nan mai ƙyalli da aka lulluɓa miki. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda muka kai ga jirgin, domin labarin da na ba ki, na ba Abbanki, na ba kowa, rabin gaskiya ne.

Kin san tun da nake karantar da yara ranar Asabar, mata suke kawo mini duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta tsufa. Yagaggun shafukan izu, jadawalin azumin bara, kalanda mai aya, har katin ɗaurin aure mai Bisimilla a sama. A gidan mahaifina a Kano akwai tsohuwar rijiya da ake zuba irin waɗannan, ko a ƙona su a tsabtataccen wuri a binne tokar. Nan fa? Muna hawa na huɗu a flat ɗin council, ko albasa ka ƙona sai ƙararrawa ta tashi. Jefawa a kwandon shara kuwa hannuna ba zai iya ba. Suka yi ta taruwa a saman durowa har leda ta cika. Da aka ce za a teku, na ce alhamdulillahi, ga ruwa mai tsarki, ga faɗi, babu ƙafar da za ta taka. Ban tambayi kowa ba. Ni ce malama, wa zan tambaya?

A cikin coach Hajiya Turai, shugabar ƙungiya, ta leƙo ta ce, "Malama Saude, kowa da kular shinkafa da kajin Sallah, ke da ledar karatu? Yau ma ba za a bar mu mu huta ba?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Mun isa da hantsi. A saman matakalar da ake sauka akwai wani allo mai lambobi da zanen tutoci. Na gan shi sarai. Na ɗauka maganar kuɗin ajiye mota ce, na wuce. Muna sauka wani mutum mai jan wuya ya kalli hijabanmu ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Ba zan maimaita miki ba. Na dai ɗauke ta na sa a ƙirji na sauka da ita.

Wurin cike yake da mutane, rabinsu babu kayan kirki a jikinsu. Na ce ba a nan zan saki sunan Allah ba. Can hannun dama na hango wani farin dutse mai tsayi ya miƙo hanci cikin yashi, bayansa kuma babu kowa. Na kama hannunki, na ɗauki leda da sallaya, muka nufi can.

Mun kusa zagawa sai wata budurwa Baturiya ta biyo mu da gudu, sanye da rigar rawaya da jan wando, irin waɗanda ake kira lifeguard. Ta ce, "Madam, don Allah kada ki zaga can. Ruwa yana shigowa, nan da rabin awa hanyar za ta rufe, kuma wancan ɓangaren babu matakala." Na duba ruwan. Yana can nesa, kamar daga ƙofarmu zuwa tashar bas. Na yi mata murmushi, na sassauta murya kamar yadda na saba, na ce, "Mun gode, mun san abin da muke yi." A zuciyata kuwa cewa nake, ga wata kuma, ba su son ganinmu ko'ina. Kika ja mini hijabi kika ce, "Umma, the lady said no." Na ce, "Rufe mini baki, mu je."

An gaya mini, Nafisa. Wannan ne abin da na ɓoye shekara goma sha ɗaya. An gaya mini a fili, da ladabi, da harshen da nake ji, har ke 'yar shekara bakwai kin gane. Na ɗauki laifin wancan mutumin na ɗora wa yarinyar da ta bar kujerarta ta biyo ni don ta cece ni. Za ki haɗu da masu ƙinki a can, ba zan yi miki ƙarya ba, garin ba shi da irinmu da yawa. Amma kada ciwon maganar wani ya toshe miki kunne daga maganar wani. In mai aikin bakin ruwa ya ce kada ki bi nan, ba hijabinki yake kallo ba, ruwa yake kallo. Ki ce to, ki juya. Ko da kin ga kamar ya raina ki, ki juya tukuna, a yi maganar raini a kan tudu.

Muka zaga. Wurin kamar an share mana shi: yashi mai laushi, farin dutse ya kewaye mu ta uku, ruwa a gaba. Na tsinci duwatsu na zuba a ledar don ta nitse, na sa ta cikin wata ledar, na ɗaure sau uku. Ki dubi wautar nan. Na kawo takardu don ruwa ya narkar da su, na kuma naɗe su a leda biyu don kada su jiƙe, wai girmamawa. Na tattare zani na shiga har idon sawu, na ajiye da Bisimilla, na fito. Sai na ga ai ga wuri shiru, bari in yi walaha. Na shimfiɗa sallaya. Ke kuma kina tsugune bakin wani ɗan kwarmin dutse kina kallon ƙaguwa.

Ina raka'a ta biyu na ji kin ce, "Umma, the way's gone." Ban yanke salla ba. Na sallame, na zauna na yi addu'a mai tsawo, na sa matan da suka ba ni takardu ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaga kai, ruwan da ke gabana bai matso sosai ba. Ta gefe ya bi. Hancin dutsen da muka zaga yana tsaye cikin ruwa, igiyar ruwa tana dukansa.

Ni kogi na sani. Kogi yana cika da damina ya janye da rani, yana ba mutum watanni. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa akwai ruwan da yake yin damina da rani sau biyu a kowace rana. Haka teku yake. Yana janyewa kamar awa shida, ya dawo kamar awa shida, sannan ya sake. Lokacin kuma ba a tsaye yake ba, kullum yana matsawa gaba da kusan awa guda, don haka wanda ya zo jiya bai san na yau ba. Yashin da kika ga yana sheƙi, da koren gansakuka a jikin dutse sama da kanki, duk shaida ce cewa wurin nan na ruwa ne, fita kawai ya yi, zai dawo. Kuma ba dole ta gaba zai zo miki ba. Yana bin kwari, ya zagaye ta bayanki ya raba ki da tudu kina tsaye a busasshen wuri kina ganin lafiya lau.

Na ciro waya. Babu layi, dutsen ya tare. Na yi kira, amma kin san muryata, ko a falo sai an ce in ƙara. Sai na yi wauta ta gaba. Na goya ki da mayafi kamar jaririya, na ce bari in ratsa tun bai yi zurfi ba. Rana tana dukan kaina, amma da ruwan ya kai mini cinya sai numfashina ya ɗauke, ƙirjina ya kama kamar an ɗaure da igiya. Ban san ruwan ƙasar nan yana riƙe sanyinsa har a tsakiyar summer ba. Zanina ya naɗe mini ƙafafu, hijabi ya sha ruwa ya koma kamar buhu a wuyana, duwatsun ƙasa santsi kamar an zuba kuɓewa. Igiya ɗaya ta buga ni da dutse, na durƙusa, ruwa ya rufe ki har ka. Na ji hannunki ya saki wuyana. Mayafin ne ya riƙe ki, ba ni ba. Da rarrafe na dawo da mu kan ɗan yashin da ya rage.

Yarinyar nan da na wulaƙanta ita ce ta zo. Ashe tana ƙirga, ta ga biyu sun zaga ba su dawo ba. Ta iso kwance a kan wani dogon allo tana tuƙawa da hannu, ta riga ta kira jirgi. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta duba ki, ta sa kika yi tari, ta janye mu daga gindin dutsen da na manne a jiki, ta ce irin wannan farin dutsen yana ɓarewa ya faɗo ba sanarwa. Sannan ta ce mini, "Yau ruwan babba ne, wata sabo ne."

Wata sabo ne! Ni za a gaya wa? Ni da na yi yini biyu ina bugun waya Kano ina tambaya ko an ga wata? Mu da muke ƙirga kwanan wata fiye da kowa a ƙasar nan, muke tsayar da azumi da shi, muke ajiyewa da shi, ba mu san shi yake jan teku ba. Kwanakin farkon wata da kwanakin cikarsa, a nan ruwa ya fi cika, ya fi janyewa nesa, ya fi saurin dawowa. Wato muka zaɓi ɗaya daga cikin ranakun da suka fi kowanne, muka kwashi yara muka tafi, mata wajen talatin, babu wadda ta sani. Ke kin san kwanan wata, na koya miki. Ki yi amfani da shi.

Muna tsaye muna jiran jirgi sai ga ledata tana birgima a cikin kumfa. Duwatsun da na zuba sun huda ta. Igiya ta watso takardun a kan yashi, haɗe da ciyawar ruwa da murfin kwalba, a daidai ƙafafunmu. Na ja da baya, na taka ɗaya. Shafin Yasin ne, na gane shi da ganin farko. Abin da na gudar wa ƙafafun mutane, ƙafata ce ta taka shi. Na durƙusa ina tsinta ina kuka, yarinyar nan ta durƙusa tare da ni. Ba ta san mene ne ba, amma ta ga yadda nake riƙe su, sai ita ma ta riƙe su da hannu biyu, sama da ruwa, har jirgi ya iso.

Teku ba rijiya ba ne, 'yata. Ba ya riƙe abin da aka ba shi. Ko ya dawo da shi nan, ko ya kai wa wasu can, ko tsuntsu ya haɗiye ya mutu. Leda ba ta narkewa, yayyagewa take yi ƙanana-ƙanana ta shiga cikin kifin da za a ci. Ledar waje ban same ta ba, tana can har yau a wani wuri da sunana a kanta a wurin Allah. Duk abin da kika je da shi bakin ruwa ki dawo da shi, har ƙashin kaza. Takardu masu sunan Allah kuwa, ki tambayi masallacin garin. Daga baya na gano namu yana karɓa a binne a wuri mai kyau. Tambaya ɗaya ce da ta ishe ni, girman kai ya hana.

A cikin jirgi maza biyu ne suka ɗago ni ta hammata. Kin san me ya dame ni a lokacin? Hijabina ya zame, gashina ya fito. Ina ta kokawar gyarawa har aka sauke mu, yarinyar ta koma bakin aikinta, ban ce mata na gode ba. Ko sunanta ban tambaya ba. Duk sanda na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Ranar da rai yake hannun ceto, ki bar a kama ki ta inda aka samu. Allah Ya san lalura. Ki kuma buɗe baki ki yi godiya tun mutum yana gabanki.

Mata suka kewaye mu da salati. Hajiya Turai ta rungume ni ta ce, "Ƙaddara ce, Malama, ruwa ne ya zo ba zato." Na cafke maganar nan kamar an miƙo mini igiya. Ita na kai wa Abbanki. Ita na yi ta maimaitawa har na kusa yarda da ita. Kashegari da safe ina yi miki kitso, yashi yana zubowa daga kanki a kan cinyata, na juyo da fuskarki na ce, "Daga yau in kika sa ƙafa a ruwa, teku ko na wanka a makaranta, ban yafe ba." Kika ce, "To, Umma." Kin riƙe kuwa. Shekara goma sha ɗaya ba ki karya ba ko sau ɗaya.

Da aka koma makaranta aka aiko takardar koyon iyo. Na zauna na rubuta da hannuna cewa kina da ciwon kunne. Kunnenki lafiya ƙalau. Ni da nake mayar da biro in na taho da shi daga wurin aiki bisa kuskure, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya haramun ce ko a wasa, na rubuta ƙarya na sa hannu, shekara biyu a jere. Kika riƙa zama a benci da littafi 'yan ajinku suna koyon abin da zai ceci ransu. Na kira shi tsaro. Tsoro ne, da gudun kada a san ni ce na yi laifi. Da na ce laifin teku ne, dole in raba ki da teku. Da na ce nawa ne, da sai in koyi abin da ban sani ba, in koya miki.

Kada ki ɗauka ni kaɗai nake jin haushi. Har yau in an taru a suna ko walima, Hajiya Turai sai ta ce, "Ku tambayi Malama ranar da ta kai wa kifaye karatu, suka ce ba su da alwala!" A kwashe da dariya, wata har da tafi. Ni ma in yi murmushi in sunkuyar da kai, ana dariya a kan ranar da ruwa ya rufe kan 'yata. Bara suka koma wurin nan, ban je ba. Aka turo hotuna a waya: ga su jere a gindin farin dutse don inuwa, jikoki suna wasa a gefe, wata ta shiga ruwa har ƙugu da abaya da jariri a hannu. An gasa nama, aka binne garwashi a cikin yashi aka tafi, inda ɗan wani zai zo ya taka ba takalmi. Da muka haɗu na ce, "Hajiya, in za a sake tafiya a duba lokacin ruwa, a kuma zauna kusa da tuta." Ta ce, "Kai, Malama, ke da kika fi mu karatu? Rai a hannun Allah yake. Mun zo hutawa ko mun zo jarrabawa?" Na yi shiru. Shirun nan ma laifi ne, ina ƙirga shi cikin nawa.

Ga amsar da ya kamata in ba ta. Wanda rai yake hannunSa, Shi ne Ya sa wa ruwan lokaci, kamar yadda Ya sa wa salla. Kowaccenmu tana da jadawalin salla manne a jikin firij, ba ta shan ruwa da azumi sai ta duba minti. Babu wadda ta taɓa cewa duba wannan jadawalin rashin tawakkali ne. To, don me jadawalin ruwa, da aka kafa kyauta a bakin matakala, zai zama abin ba'a? Mu ne muka ƙi karantawa, sannan mu jingina wa Allah. Wannan ba ladabi ba ne ga Ubangiji. Zan gaya mata wannan a taro mai zuwa, ko murya tana rawa.

Watan jiya, da takardar shigarki jami'a ta zo, na hau jirgin ƙasa ni kaɗai na koma wurin. Na tsaya gaban allon nan na karanta shi daga sama har ƙasa. Na je wurin masu rigar rawaya na ce ni jahila ce, a koya mini. Waccan yarinyar ba ta nan, ba su ma san ta ba. Wata ce daban ta zaunar da ni, ga abin da na rubuto miki.

Kafin ki taka yashi ki duba lokacin cikar ruwa na wannan ranar, na wannan wurin, domin kowane gari da nasa. In za ki zaga dutse ko ki yi nisa, ki tafi lokacin da ruwa yake janyewa, ki san ta ina za ki hau in ya juyo, ki kuma gaya wa wani inda kika nufa. Mu masu neman inda babu idon maza mu muka fi faɗawa wannan tarkon, don wurin da babu kowa galibi akwai dalilin da ya sa babu kowa. Tuta mai ja da rawaya guda biyu, tsakaninsu ake shiga, nan ake kallonki. Ja zalla, ba a shiga ko kaɗan. Mai baƙi da fari ta masu allon hawa igiya ce, ba wurin wanka ba. Akwai kuma wani jan ruwa da yake fita daga gaɓa zuwa ciki kamar kwata, kuma sau da yawa wurin ne yake kama da ya fi kwanciya, don igiya ba ta fashewa a nan. In ya kama ki kada ki yi kokawa da shi ki ce sai kin dawo ta inda kika shiga. Ki kwanta rigingine, ki buɗe hannu da ƙafa, ki bar numfashi ya dawo, ki ɗaga hannu ɗaya a gan ki. In kin iya, ki yi gefe, ki bi tsawon gaɓa har ki fita daga cikinsa. In wata ce ta faɗa, kada ki bi ta. Ki jefa mata abin da yake yawo a kan ruwa, ki kira lambar gaggawa ki ce a ba ki masu tsaron gaɓa.

Na karanta wannan na kwanciya rigingine sau uku a jirgin dawowa, na ga takarda ba za ta koya wa jiki ba. Sai an shiga ruwa. Ke kuma na ɗaure ki da bakina.

Saboda haka ki saurara, da hankalina nake rubutawa, da alwala. Maganar da na faɗa miki a kan ruwa na janye ta. Babu ita. Ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira, kuma Allah ne shaida. A madadinta ga abin da nake so: kafin ki dawo hutun farko ki nemi inda ake koya wa mata iyo, akwai lokutan mata zalla, akwai kayan da suke rufe jiki ba sa shan ruwa su yi nauyi. Ki shiga aji ɗaya da masu farawa, ko da za a sa ki tare da tsofaffi. Kada ki taka yashin garin nan da nisa sai kin iya kwanciya a kan ruwa. Abbanki kuma ranar da muka dawo daga raka ki zan zaunar da shi in gaya masa an gargaɗe ni na ƙi ji.

Ke ce kika zauna a benci shekara biyu saboda ƙaryata, kika girma kina tsoron abin da ya kamata ki sani. Ban taɓa roƙon ki komai irin wannan ba. Nafisa, ki yafe mini.

Allah Ya tsare ki a tudu, Ya tsare ki a ruwa, Ya ba ki kunnen jin gargaɗi da ƙarfin zuciyar tambaya. Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Mahaifiyarki,
Saude